Takun Kawu Inuwa Talatin da Ɗaya

Duk wanda ya taɓa gaida Kawu Inuwa a bakin jirgin ƙarƙashin ƙasa ya san amsar da ya samu: shiru. Yayan mahaifiyata ne, makaho tun yana ɗan shekara tara, ƙyanda ce ta tafi da idon a Zariya. Shekara ashirin da ɗoriya yana hawa tube shi kaɗai daga Stratford zuwa Marylebone, inda yake aikin tausar gaɓoɓi a wani ƙaramin asibiti. Kowace tasha da ƙidayarta a kansa. A tashar tsakiyar gari inda yake canza jirgi, daga ƙasan matakala zuwa daidai inda ƙofar taragonsa ke tsayawa taku talatin da ɗaya ne. Leɓensa na motsi, farar sandarsa na share gabansa dama da hagu. In ka yi masa sallama tsakanin ɗaya da talatin da ɗaya, to da bango kake magana.

Ku da kuka san shi kun san rigimar da wannan ta jawo. Bahaushe zai yafe maka zagi, amma ƙin amsa gaisuwa sai an kai ƙara. Likita Garba, mutumin da ko marasa lafiyarsa ba sa katse masa magana, ya taɓa haɗuwa da shi a platform, wato dandamalin jiran jirgi, ya jero masa gaisuwa tun daga kwana har iyali. Kawu bai ko juyo ba. Suka shiga tarago ɗaya, Likita yana cika yana batsewa. Sai da Kawu ya zauna, ya naɗe sandarsa, ya ɗora a cinya, sannan ya fuskanci inda ƙamshin turaren Likita ke fitowa.

"Wa alaikumus salam. Lafiya lau. Babu gajiya. Aiki da godiya. Iyali ba ni da su. Sanyi kuwa lokacinsa ne. Akwai wadda na tsallake?"

"Haba Malam Inuwa, amsa sallama fa wajibi ne."

"Wajibi ne, Likita. Amma ban ji malamin da ya ce a amsa ta daga ƙarƙashin jirgi ba."

Doka ta biyu: ba a riƙe shi. Ya sha gaya mini cewa a garinmu in an ga makaho sai a kama bakin sandarsa a ja shi kamar akuya za a kai kasuwa, kuma abin da ya sa ya ƙetare teku ke nan. Ya iso London ya tarar su ba sanda suke kamawa ba, mutumin suke kamawa gaba ɗaya. Wata Baturiya mai kirki ta taɓa cafke gwiwar hannunsa ba tambaya, ta tura shi cikin jirgin da ke tsaye, ta ɗaga masa hannu. Jirgin gabas ne, shi kuwa yamma za shi.

"Me ya hana ka gaya mata, Kawu?"

"Kai ɗan Ladi, matar ta fito neman lada da sassafe. Ni zan hana ta? Tasha huɗu kawai ladan ya ci mini."

Ladi sunan mahaifiyata ne, kuma da shi yake kirana in yana cikin raha. In zai ƙule ni kuwa, sai ya ce "Shehin malami," don ina koyar da tarihi a makarantar sakandare.

Da council, hukumar unguwarsu, suka yi masa maganar karen jagora, ya saurari matar da ta zo har ƙarshe, ya yi mata shayi. Ta ce karen zai tsaya cak a bakin platform, ba zai taɓa bari ya wuce ba. Ya ce ya yarda, kare amintacce ne, kuma bai ga laifin masu riƙe shi ba. Sai dai flat ɗinsa ɗaki ɗaya ne, dardumar sallah da kwanon kare ba za su raba shi ba. Bayan ta fita ya ce mini, "Ni da na gudo daga hannun masu ja na, a waɗannan shekarun zan koma yaron kare?"

Abin da ya yarda da shi su ne ƙurajen nan na ƙasa da ake shimfiɗawa a bakin platform. Ƙuraje yake kiran su. Ya ce su kaɗai ne a garin nan suke faɗa wa makaho gaskiya ba tare da sun taɓa masa hannu ba. Ya san tashar da ke da su da wadda nata suka lafe don tsufa, ya san inda platform ya lanƙwashe har ramin da ke tsakaninsa da jirgi ya isa haɗiye ƙafa. Muryar nan mai cewa a kula da rami kuwa, dariya take ba shi. "Tana ce wa masu ido su kula. Ni da ramin mun daɗe da sanin juna."

Wata rana muna tare aka yi cancel ɗin jirginmu, allunan sanarwa suka ɗauke, lasifikar kuma tana magana kamar mai cin gyaɗa. Ni da digirina biyu na tsaya ina juya waya, babu service a ƙarƙashin ƙasa. Kawu ya karkata kai, ya ji iskar da ke fitowa daga ramin jirgi.

"Shehin malami, kama kafaɗata."

Na kama. Ya ratsa da ni lungu biyu da matakala, ya kai ni wani platform. Da na waiwaya sai na ga mutum biyar suna bin mu, har da mai jakar ofis da laima.

"Su nawa ne a baya?"

"Biyar, Kawu."

"To ka rubuta a tarihin naka. Makaho ya ja masu ido shida, kuma bai kama hannun kowa ba."

Nan dariyar ta ƙare, don sauran labarin da hannuna a ciki, kuma ban taɓa ba da shi a bainar jama'a ba sai yau.

Bara Inna, mahaifiyata, ta rasu. Na tafi Zariya, Kawu bai samu zuwa ba. Mun yi magana a waya, gajeriya, irin ta mazan da kowa ke tsoron muryarsa ta karye. Kwana biyu da dawowata, da hantsi, ina saukowa matakalar wannan tasha sai na hango farar sandar a gabana. Na san dokar. Shekara goma sha biyar ina kiyaye ta. Amma ƙeyarsa irin ta Inna ce, kuma bakina ya riga hankalina.

"Salamu alaikum, Kawu."

Ban san me ya ji a muryata ba. Ya tsaya. Mutumin da ya shanya Likita Garba, ya shanya limamai da 'yan siyasar da suka zo ziyara, ya tsaya a tsakiyar ƙidaya ya juyo gaba ɗaya.

"Wa alaikumus salam, ɗan Ladi. Ka dawo? Ya haƙuri?"

"Haƙuri sai godiya, Kawu."

"Allah ya jiƙanta. Ita ce take bayyana mini kalar rigar sallata."

Na sunkuyar da kai, na ɗan rusuna, kamar yadda aka koya mana karɓar ta'aziyyar babba. Jirgi ya shigo ya tsaya. Kawu ya juya, na ja da baya taku ɗaya, don yaro ba ya jerawa da kawunsa, kuma shi ba a riƙe shi. Idona na ƙasa, cike da ruwa. Ƙidaya ta riga ta zube. Ya laluba jikin jirgin da sanda, sandar ta sami fili, ya ɗauka ƙofa ce. Tsakanin tarago biyu ne.

Ihun wata mata na fara ji. Wani ma'aikaci ya ɗaga hannu yana gudu, jirgin bai motsa ba, Allah ya tsare wannan. Aka ciro shi daga ramin da karyayyen ƙugu, hularsa na can ƙasa kusa da ƙarfen layin jirgi. Ni da nake da ido biyu, ina tsaye taku ɗaya daga gare shi, ladabi nake yi.

A asibiti na zauna a bakin gadonsa. Shi ya fara.

"Sha tara."

"Na'am, Kawu?"

"A sha tara ka tare ni. Da na juya sai na ci gaba daga ashirin da wani abu. Malamin lissafinmu na makarantar makafi da ya zane ni."

"Kawu, ka yafe mini. Ni na karya doka."

"Kai ka yi sallama, ni na amsa. Dokar tawa ce, ni na karya abata. Kuma don Ladi, gobe ma sai in sake." Ya juyo da fuska wajena. "Amma ka ga Likita Garba, kada ka gaya masa na amsa wa wani. Zai ce son kai ne."

Ƙugun ya ɗinke, tafiyar ce ba ta dawo ba. Aikin Marylebone ya ƙare. Mutumin da ya haddace ƙarƙashin London kamar Fatiha ya koma tsakanin gado da taga. Daga tagar ana jin jiragen Stratford, sai ya riƙa faɗa mini wanne ne, ina ya nufa, ko ya makara. Sau ɗaya ya yarda na tura shi a keken guragu zuwa tasha. Na yi booking ɗin taimako, ma'aikata suka kawo gadar ƙarfe suka shimfiɗa, suna ta fara'a, wani ya yi waya gaba ya ce a tarbi fasinja a tarago na kaza. Komai ya tafi daidai, ba abin da za a ce. Da muka dawo gida na tambaye shi ya ya ji.

"Sun kyauta. Haka ake aika buhun masara, ana sanar da mai karɓa."

Bai ƙara neman fita ba. Abinci ya fara ragewa, zancen ma haka. Likitoci suka ce zuciya ce. Ban yi musu da su ba, su suka karanta. Wata bakwai bayan faɗuwar, ran wata Laraba bayan azahar, ya cika, sandarsa a naɗe a gefen matashi.

Har yanzu ina bi ta tashar nan kullum. Daga ƙasan matakala ina samun kaina ina ƙidaya, kuma nawa takun ashirin da takwas ne, don ƙafata ta fi tasa tsawo. In na hango mai farar sanda, ba na kama shi, ba na gaishe shi. Amma na daina sunkuyar da kai. Ina tsayawa kusa, idona a kan ramin, har ƙofa ta rufe a bayansa.

Allah ya jiƙan Kawu Inuwa, ya haɗa shi da ƙanwarsa Ladi. Allah ya daidaita masa taku a kan siraɗi, kada ƙidayarsa ta yanke. Ya kai shi inda za a yi masa sallama ya amsa a tsaye, ba rami a gabansa. Amin.