Ƙafar Inna mai nono

Ƙarar birki na ji, sai ga Inna mai kawo mana nono kwance bakin kasuwa, ɗan kabu-kabu ya buge ta. Ƙafarta ta karye. Wani dattijo ya kama ƙafar zai ja don ta miƙe.

Ni mai kunyar gaida manya, sai na ji na ce, "Baba, don Allah kada ka ja!"

"Ke yarinya, likita ce ke?"

"A'a, a lekol, makarantarmu, aka koya mana. Yadda take ake ɗaure ta."

Ya dube ni, ya saki. Muka ɗaure da karan gero da kallabina, aka kai ta asibiti.

Yau, bayan wata uku, Inna ta shigo gidanmu da ƙafarta, ƙwarya bisa kai. Alhamdulillahi!

Da ku ne, za ku iya tsayar da babba?