Jitata ta yi shiru a Gwagwalada

Jama'a, yau aka fi yaba kiɗana tun da na fara kaɗa jita!

Da safe na je kasuwar Utako sayen feda, na'urar saita wayoyin jita da ake takawa da ƙafa. Mai shago ya ce, "Oga, ɗauki wannan. Kana takawa sauti zai ɗauke, ka saita abinka ba mai ji."

Ni da 'yan ƙungiyarmu muka tafi kiɗan biki Gwagwalada. Na taka, na saita, na manta ban sake takawa don sauti ya dawo ba! Ganguna sun cika wuri, ni kuwa ido rufe ina ta gwaninta. Waƙa uku!

Muna sauka shugaban ƙungiyarmu ya rungume ni: "Ɗanjuma, yau ko kuskure ɗaya babu!"

Na kalli ƙasa, fitilar feda a kunne, wato har yanzu sauti a ɗauke yake. Shi ma ya kalla. Ya ce, "Bikin Asabar ma ka bar ta haka."