Murhun da Aka Gina wa Ƙawata

Shekarun baya, lokacin ina sana'ar bandar kifi a Lagdo, icce ya fara gagarar mu. Dajin da muke shiga da ƙafa mu yo kaya an sare shi tas, sai dai mai amalanke ya kawo daga nesa, shi ma rabi ɗanye.

Ana haka wasu 'yan ƙungiya suka zo daga Garwa, suka koya wa mata kaɗan gina murhu mai murfi wanda ba ya cin icce. Ranar na tafi suna, sai aka ɗauki ƙawata da rumfarta ke jikin tawa, aka koya mata, aka gina mata nata. Ni fa na koya mata banda, ni na nuna mata yadda ake lanƙwasa tarwaɗa.

Kifinta ya riƙa fitowa jawur kamar an shafa masa mai. Iccen da nake ƙonawa a yini, ita ya kai ta kwanaki. Ina cikin hayaƙi ido jajir, tana zaune ɗankwali fes tana jin rediyo. In mai saye ya nufi wajenta sai in ce, "Alhaji, wannan kifin gayu ne, bai ji hayaƙi ba. Kafin ka kai Marwa ya lalace." Ya ce to, ya saya a wajenta.

Mahaifiyata ta taɓa tambayata, "Wai hayaƙin ne ke sa ki hawaye, ko murhun 'yar mutane?" Na ci gaba da hura wutata.

Wata rana ruwan sama ya jiƙa ɗan iccen da ya rage min, ga kifi cike da baho ya fara wari. Ƙawata ta leƙo.

"Yaya, kawo nan, akwai wuri."

"Bar shi, zan iya."

Ta ɗauki bahon ta yi gaba. Bayan nan ta zo da laka ta gina min irin nata. Na tsaya a kanta ina cewa bakin ya karkace.

Murhun ya riƙe ni shekaru, amma dajin bai dawo ba, daga baya na bar sana'ar na koma Garwa. Ita kuwa yanzu ita ke koya wa mata a Maga da Yagwa, ana kai ta a mota. Na yarda alherinta ya fi ƙarfin halina. Duk da haka in ta turo hoto, nakan rubuta masha Allah, sannan in buɗe shi da yatsu biyu in duba ko ta fi ni tsufa.