Ranar da Biro Ya Tsallake Gidan Kakaki

Idan ka sauka daga titin Tsanyawa ka yi arewa ta cikin gonaki, za ka tarar da wani ƙauye, Ɗorawar Yamma, inda gidaje da gonaki suka cuɗe har ba ka gane inda gari ya ƙare. A nan aka haifi Sama'ilu, wanda tun yana saurayi aka laƙaba masa Kakaki. Manomi ne kamar kowa, gero da dawa da 'yar gyaɗa, ranar kasuwa kuma yana taɓa dillancin hatsi. Amma ainihin sana'arsa magana ce. Allah ya ba shi baki, shi kuwa bai taɓa barin bakin ya huta ba.

Malaman gona, masu ƙidaya, 'yan siyasa, duk baƙon da ya shigo da tambaya, mai unguwa zai ce, "A kira Kakaki." Sai a shimfiɗa tabarma a gindin ɗorawa, Sama'ilu ya gyara zaman hula, ya zayyana abin da gari ke so da abin da ba ya so. Jama'a su yi ta gyaɗa kai, wasu ma a nan suke fara jin ra'ayin nasu. Ƙa'idarsa guda ce, wadda ya gada wurin manya: ba a tona asirin gari a gaban baƙo. Ko rijiya ce ta ƙafe, "Alhamdu lillahi" ake fara cewa, sauran bayani sai a kewaya da shi a hankali.

Katanga ɗaya ce tsakaninsa da ɗan baffansa Ikrima, mai tufkar igiya, mutumin da in ya amsa maka gaisuwar safe to ka gama jin maganarsa ta yini. Sama'ilu bai taɓa kallonsa a matsayin abokin gasa ba. Da me za su yi gasar?

Daminar da cutar mashaƙo ta ɓulla, Sama'ilu na fiƙe fartanya ya ji a rediyo wai gwamnati ta ba wani kamfani kwangilar zagaya ƙauyuka a ji ra'ayin jama'a kan cutar da rigakafinta, don a san inda za a fara tura ma'aikatan lafiya. Ya ajiye fartanyar.

"Kwangila?" ya ce wa rediyon. "Jin ra'ayi ma yanzu kwangila ne? Abin da nake ba su kyauta tun gemuna na baƙi?"

Abin ya sosa masa rai ƙwarai. Amma ya lallashi kansa da cewa ko wa aka ba, ƙarshenta dai tabarmarsa za su zo. Ya sa aka wanke masa babbar riga.

Motar kamfanin ta iso da hantsi. Shugabar tawagar, wata Malama Ramlat, ta durƙusa ta gaishe da mai unguwa, ta yi godiya da tabarmar, ta ce ba za su zauna ba.

"Baba, ba a ba mu ikon zaɓar wanda za mu tambaya ba. Gida-gida za mu bi, kuma iyaye mata muke son ji."

Ta ɗora biro a kan dakalin masallaci ta murza shi kamar wasan yara. Inda bakinsa ya nuna, nan za su bi. Biron ya juya, ya juya, ya tsaya yana kallon lungun su Sama'ilu. Zuciyarsa ta yi fari, ya wuce gaba yana baza riga. Sai ga baƙi sun wuce ƙofar gidansa kamar kango ne, sun yi sallama a gidan Ikrima.

"Malama, kin ɓata hanya," in ji Sama'ilu. "Ga gidan nan."

"Ban ɓata ba, Baba. Haka tsarin yake, a tsallake gida ɗaya, a shiga na gaba."

Ya tsaya a zaurensa da babbar rigarsa, yana jiyo muryar Maimunat, matar Ikrima, ta bayan katanga. Ba ya fahimtar kalmomin, amma yana jin tana ta zuba, baƙuwar kuma tana cewa "To, sai me ya faru?" Kishi ya turnuƙe shi, kishi tsagwaronsa. Wai muryar gidan mai igiya ce za ta isa kunnen gwamnati, tasa kuwa ta tsaya a zaure!

Nan dabara ta zo masa. Tun da ya gane tsarin, ai ya san gidajen da za a shiga. Kafin su fito ya riga su gaba, yana kiran masu gida ɗaya bayan ɗaya.

"Maza shiga ka ja wa iyalinka kunne. Kada a zubar mana da mutunci. Su ce yara lafiya lau, kuma muna bayan gwamnati ɗari bisa ɗari."

Alhali kuwa ba lafiya ba. Yara da dama wuyansu ya kumbura, ba sa iya haɗiyar ko kunu. Gari ya yanke cewa belu ne, ana ta kai su wurin wanzami. Mata kuma suna tsoron asibiti, don an ce raba uwa da ɗanta ake yi. Jikar Sama'ilu ma, Firdausi, tana kwance a ɗakin uwarta da zazzaɓi, shi da kansa ya ce belu ne.

Da baƙin za su tafi, Malama Ramlat ta dube shi ta ce, "Baba, garin nan naku bakinku ɗaya, har kalmominku iri ɗaya ne." Ya ɗauka yabo ne, ya shafa gemu. Biro ya tsallake shi, amma ga maganarsa ta tafi Kano a bakin matan gari.

Ba a daɗe ba sai ga motar ma'aikatan lafiya, da allurai da magunguna. Babbansu ya gaya wa mai unguwa a gaban kowa cewa da a ce amsar yawancin gidajen aka bi, da Ɗorawar Yamma ce ta ƙarshe a layi. Mace ɗaya ce, Maimunat, ta faɗi zancen kumburin wuya da wanzami da tsoron asibiti, Malama Ramlat kuma ta kai rahoton tun a ranar. Aka duba yara, aka ɗauki Firdausi da uwarta tare a mota. Likita ya ce da an ƙara jinkiri, da sai dai haƙuri.

Yarinyar ta rayu. Ranar da ta dawo Sama'ilu ya yi hawaye, kuma na gaskiya ne, kada a zalunce shi. Amma da liman ya ce bayan Azahar, "Allah ya saka wa gidan Ikrima da alheri," sai da "amin" ta tsaya masa a wuya kafin ta fita. Ya sayi goro ya tafi godiya, ya tarar da ɗan baffan nasa ya miƙe ƙafa yana tufka.

"Ikrima, ashe kai ka sa ta faɗi gaskiya?"

"A'a, Yaya. Ni ban ce mata komai ba. Tambayarta aka yi."

Wannan amsar ta fi komai yi masa ciwo. Da ma wata dabara Ikrima ya yi, da Sama'ilu ya san da abin da aka kayar da shi. Mutum bai ce uffan ba, kuma gari na sa masa albarka.

Bayan girbi wata mota ta sake shigowa, wasu ne masu zancen rijiyar burtsatse. Ta tsaya daidai ƙofar gidan Sama'ilu. Ya miƙe da sauri, ya janyo tabarma, ya gyara hula, gaisuwar baƙi har ta hau kan harshensa. Direban ya leƙo.

"Baba, don Allah ina ne gidan Malam Ikrima?"

Kakaki ya dubi direban, ya dubi katangar. Daga cikin gida yana jiyo Firdausi tana dariya da ƙawayenta.

"Ga shi nan," ya ce. Ya naɗe tabarmarsa ya shiga gida.