Goggo da Dokin Katako

Goggona mai ɗinki ba ta yarda da kowa. Ko zare ta saya sai ta ja shi ta gani. Ran da na dawo ina murnar na ci doki biyu a ces, darar da muke yi a makaranta, sai ta tsayar da keken ɗinki.

"Doki? Caca kuka fara ke nan!"

Washegari ta bi ni har ajin da muke gasar ces. Malam ya miƙa mata dokin katako, ta leƙa ƙarƙashinsa. Ta dubi yara, kowa tsit, ido a kan allon dara.

A hanya ta ce, "Yara cike da ɗaki, ba mai ko tari? Ni ma na yi ƙuruciya. Akwai abin da kuke ɓoyewa."