Taya ta Huɗu

Kowace safiya, kafin ya buɗe rumfarsa, Mai Faci sai ya ɗage gefen tampol ɗin da ya rufe tsohuwar motarsa, ya danna tayoyinta da babban yatsa ɗaya bayan ɗaya, kamar mai duba marasa lafiya. Tayoyin sun daɗe da mutuwa, motar ma a kan bulo take, amma bai taɓa fashi ba. Shagona na gyaran agogo yana daura da rumfarsa, shi ya sa na sani.

Motar doguwa ce, ruwan toka, maigidansa da ya koya masa aiki ne ya bar masa ita. Ya gyara injin, ya sake fenti, ya kai kujeru an ɗinke. Taya ce kaɗai ta gagara. Irin siraran nan ne masu farin zobe a gefe, waɗanda aka daina kawowa tun Auta, 'yarsa ta ƙarshe, tana rarrafe. Mutum ya wuni cikin tayoyin jama'a, ga tasa babu.

Tun suna da ɗa ɗaya ya yi wa matarsa alkawarin zai sa ta a gidan gaba su zaga gari. Ita kuwa ba ta manta ba. In ta kawo masa abincin rana sai ta dubi tampol ɗin ta ce, "Direba, yau ne?"

"Saura kaɗan, Maman yara."

"Kaɗan ɗin nan naka har ya yi furfura."

Auta ce ta gano tayoyin, bayan ta girma ta fara aikin ofis. A wayarta ta ga wani kamfani a wata ƙasa mai nisa yana ƙera su sababbi fil, saboda masu son tsofaffin motoci. Ranar Mai Faci da takalmi ɗaya ya faɗo shagona, wayar a hannu, Auta na biye da shi.

"Mai Agogo! Ajiye wannan, zo ka gani! Su ne, wallahi su ne! Dubi zoben!"

Ya yi ta jujjuya wayar, har Auta ta ƙwace ta kada ya yar. Ya sa ta karanta lambar girman tayar sau uku. Kuɗinsu ma bai tayar masa da hankali ba, dama ya daɗe yana tanadi. Sai da ta gangara ƙasan shafin ta ɗago kai.

"Baba, kuɗin kawowa fa ya fi na tayoyin. Ban da na kwastan a kan iyaka."

"Kamar yaya? Wane nauyi gare su?"

"Ba nauyi kaɗai suke dubawa ba. Wurin da kwali zai ci a jirgin ruwa suke aunawa. Har ramin tsakiyar taya sai an biya."

"Ramin? Ai iska ce a ciki! Shekara arba'in ina sayar wa mutane iska, yau ni za a sayar wa?"

Kwana biyu yana zagaye rumfa yana magana shi kaɗai. A rana ta uku na ji ya buga tafi. Ya tuna yadda dillalan tayar gwanjo suke yi: a cusa taya a cikin taya, biyu su ci wurin ɗaya. Shi kansa ya sha zare irinsu da ƙarfe. Yana da ƙani a can ƙasar, yana aiki a wurin lodin kaya, nan take ya sa Auta ta kira shi.

"A kawo maka su, ka cusa min biyu a cikin biyu. Kwali biyu ke nan, rabin kuɗi!"

Muryar ƙanin ta fito a hankali. "Yaya, waɗannan fa ba gwanjo ba ne. Kuma girmansu ɗaya."

"Kai, tun ba ka iya ɗaura wando ba nake taya. Sa sabulu, ka taka da ƙafa, za ta shiga."

Ni dai na ce masa agogo ma in aka matsa masa murfi yakan tsaya. Ya ce agogo daban, taya daban. Na koma kan aikina.

Mako bakwai kayan suna hanya, unguwa ba ta huta ba. Ya goge wili huɗu har suna ɗaukar ido. Ya sayo sabon batir. Duk wanda ya kawo faci sai ya ji inda jirgin ya kai, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Mai shayi ya roƙi a ɗauke shi a baya, tela ya ce shi ko a but ne ya yarda. Da aka riƙe kayan kwana tara a kan iyaka saboda wata takarda, Mai Faci har ya rame.

Ranar da motar kaya ta tsaya a ƙofar rumfa, kowa ya bar abin da yake yi. Ya yanka kwali, ƙamshin sabuwar roba ya tashi, ya sa hanci ya shaƙa kamar turare. Na waje guda biyu lafiya lau, zoben fari tas. Aka yi ta shewa. Sannan ya sa ƙarfe ya zaro na ciki.

Ɗaya ta lanƙwashe kamar an zauna a kan hula. Ɗayar kuwa, zaren ƙarfen da ke bakinta ya karye, farin zoben ya tsage. Ya daɗe yana shafa wurin. Ni kuma na tuna akwai agogon da ke jirana a shago, sauran ma kowa ya tuna da nasa aikin.

Lanƙwasasshiyar ya ceto ta. Ya sa mata tib a ciki, ya hura kaɗan kaɗan, ya bar ta a rana kwana huɗu har ta dawo da siffarta. Ta huɗun ba ta da magani. Ya kira Auta ya ce, "Sayo wata. A kwalinta ita kaɗai, har da iskarta. Zan biya." Ga ƙaninsa kuwa bai ce komai ba, sai gaisuwa da ya aika masa mai tsawo.

Matarsa ce ta ƙi jira. Wata la'asar sai ga ta ta ci ado, ta yaye tampol da kanta, ta buɗe gidan gaba ta zauna, jaka a cinya.

"Maman yara, uku ne fa. Ba na fita da ke a kan uku."

"Kullum kana yi wa mutane faci suna zuwa inda za su. Ni ce ba za ka yi wa ba? Ba inda zan sauka."

Ya dube ta, ya dube ni, sai ya fashe da dariya. Ya jawo mai dama-dama a cikin tsofaffin, ya yi mata faci goma sha ɗaya, ya ɗaura ta a baya ta hagu, sababbin ukun kuma a sauran ƙafafun. Muka taru muka sauke motar daga kan bulo. Da injin ya tashi, tela ya cire hularsa yana kaɗawa, mai shayi ya bar tukunya tana tafasa ya bi su da gudu har kwana. Hon kawai kake ji yana nisa.

Bayan rabin awa suka dawo a hankali, tsohuwar tayar ta sace, motar na ɗingishi. Matar ta leƙo ta taga, mayafi ya zame, tana dariya har da hawaye.

"Mai Agogo, ashe direban nawa ya iya!"

"Wannan gwaji ne," in ji shi. "Bari ta huɗun ta zo, har bayan gari za mu."

Ta zo bayan wata biyu, cikin kwalinta, ba ko ƙwarzane. Da yamma ya ɗaga bayan motar a kan jak, ya kwance noti biyar ya zuba a gwangwanin madara, ya yage takardar da aka naɗe tayar har rabi. Sai ya dafa bango ya ce jikinsa ba daɗi, zai ƙarasa da safe in Allah ya kai mu.

Da safen ba wanda ya ɗage tampol. Mutane dai suka yi ta shiga gidansa yin ta'aziyya suna fitowa, har kwana uku.

Makanikai biyu sun ce za su ɗaura ta kyauta, matarsa ta ce a bari tukuna. Motar tana nan a kan jak, notin suna cikin gwangwani, tayar kuma tana jingine da bango, rabinta a takarda.