Ƙafar Labbo Mai Amalanke

Duk wanda ke noma a Bazaga ya san Labbo mai amalanke. Da rani shi ke bin garkunan awaki da shanu yana kwasar taki a amalanken da jakinsa ke ja, ya kai wa mutane gonakinsu kafin ruwa ya sauka. Gajere ne mai faɗin ƙirji, takalmi bai dame shi ba. Yakan yi alfahari da cewa tun da aka haife shi bai taɓa haɗiyar ƙwayar asibiti ba.

Wata rana yana lodi a garken wani makiyayi, tsohon lauje da taki ya binne ya tsaga masa diddige. Ya ɗaure da tsumma ya ƙarasa aikinsa. Kafin mako ya zagayo ƙafar ta kumbura tana wari, sai matarsa Raihanatu ta sa aka ɗauke shi zuwa asibiti a Konni.

Aka yi masa allura, ciwon bai motsa ba. Aka canza wata, aka sake canzawa. Da sakamakon awon mugunyar ya dawo, lokotoro, wato likita, ya zo ya zauna a bakin gadonsa.

"Baba, magungunan da muke da su ba su kashe wannan cutar. Ta saba da su."

"Ta saba da su a ina?" in ji Labbo. "Ni ban taɓa shan su ba."

"Ba a jikinka ta koya ba. Ba zan rantse ba, amma ina zargin takin nan. Da an ga akuya ta yi sanyi sai a ɗura mata kapso na kasuwa. Ƙwayoyin cuta masu rauni su mutu, masu jurewa su fito cikin kashi. Kuma ba su riƙe dabarar su kaɗai. Wannan takan manne da waccan ta miƙa mata ɗan guntun gadon halittarta, kamar yadda ake ba maƙwabci irin gero, ko da ba danginsu ɗaya ba."

Labbo ya daɗe yana kallon ƙafar. "Ashe su ma suna zumunci," ya ce.

Da ƙafar ta yi baƙi, baƙin ya fara hawa ƙauri, aka ce sai an yanke. Ya ƙi. Raihanatu ta durƙusa gabansa tana kuka: "Malam, ka bar musu ƙafar, ka dawo mana gida." Ya juya fuska bango, can ya ce to.

Damina ta yi nisa kafin a sallame shi. Ƙanensa Sadiƙu ya karɓi jakin da amalanken. Yanzu Labbo yana zama a ƙofar gida yana tufkar igiya, masu awaki na saye. Yana gaisawa da kowa, har da wasa. Amma Raihanatu ta ce in jakin ya wuce da safe ya yi kuka, ranar nan Labbo ba ya taɓa furarsa.